Nutiron Uku da Ke Tsakaninmu da Wutar Arlit

A watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take turo mana. Mu mutanen Gazawa mun fi kowa sanin wannan waya, domin layin da ya taso daga Katsina a garinmu yake sauka kafin ya rabu, reshe guda ya nufi Maraɗi, guda ya nufi Damagaram. Wani dare muna zaune a ƙofar gida cikin duhu, sauro na cin ƙafafunmu, sai wani dattijo maƙwabcina da muke kira Baba ya juyo gare ni.

"Mushe, kai da kake karantar da yara kimiyya, faɗa mini. An ce da duwatsun Arlit ake kunna fitilun Faransa. To me ke cikin duwatsun nan? Kuma me ya hana a zuba su a injin a nan, mu ma mu ga haske?"

Na yi shekaru ina koyar da darasin ƙwayar zarra a kwaleji. Na zana da'irar nan a allo sau ba adadi, ɗigo a tsakiya, ƙananan ɗigo suna kewaye da shi. Amma da na buɗe baki in amsa wa Baba, sai jimlolin Faransanci da na haddace tun ina yaro suka riƙa zuwa mini, ba ko ɗaya da za ta yi masa amfani. Na ce masa, "Baba, ka ba ni zuwa jibi." Ya yi dariya ya ce ai ba inda za shi, wutar ma ba ta da niyyar dawowa.

Abin da na gane cikin kwana biyun nan shi ne amsar tambayarsa tana cikin darasin da muke ba yara su haddace don jarrabawa su manta. Kuma ba a iya ba da amsar da kyau sai an bi tarihin yadda aka gano abin, domin zanen da ke cikin littafin lakwal ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ne suka haɗa shi guntu-guntu cikin shekara 35, kowane na gyara kuskuren na gabansa.

Tunanin cewa kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ba sa rabuwa tsoho ne ƙwarai. Wani masanin Girka, Democritus, ya faɗe shi kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa. Malaman tauhidi irin su Baƙillani na Bagadaza sun yi dogon bahasi a kan jauharin da ba ya rabuwa. Kalmar zarra kanta daga Larabci muka aro ta. Amma duk wannan hujjar hankali ce, ba wanda ya auna komai. Awo ya fara ne da John Dalton na Ingila a farkon shekarun 1800, wanda ya nuna cewa kowane sinadari na asali yana da irin zarrarsa mai nauyinta. A 1869 wani Barashe, Dmitri Mendeleev, ya jera sinadaran da aka sani bisa nauyi da hali, ya bar gurabe ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna. Da aka gano galiyom a 1875 sai ya faɗa gurbin da aka bar masa daidai. Jadawalin ya yi aiki, amma shi kansa Mendeleev bai san dalilin da ya sa yake aiki ba.

Sai 1897. A Cambridge, J. J. Thomson ya tura wuta ta cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska, ya gano wasu ƙwayoyi da suka fi zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba, masu ɗauke da cajin ragi. Su ne elektiron. Ashe abin da aka yi shekara dubu biyu ana cewa ba ya rabuwa yana da ƴan ciki. Ina yawan tuna wa ɗalibaina cewa shekara biyu kacal bayan wannan, a 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, har ƙarshenta ya zo a wajen Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Bincike a ɗakin gwaji da mamayar ƙasashen mutane a lokaci guda suka gudana, kuma daga baya hanyoyinsu sun haɗu a Arlit.

Thomson ya zaci zarra kamar curin laka ne na tubali, lakar mai cajin ƙari, elektiron kuwa ƙananan tsakuwa ne da suka watsu a cikinta. Zato mai ma'ana, amma ba daidai ba. Wanda ya rushe shi tsohon ɗalibinsa ne, Ernest Rutherford, ɗan manomi daga New Zealand. A 1909 a Manchester ya sa Hans Geiger da wani saurayi ɗan shekara 20, Ernest Marsden, su riƙa harba wasu ƙwayoyi masu nauyi da gudu, waɗanda ake kira alfa, a kan fallen zinariya da ya fi fatar albasa siranta. Aikin wahala ne: mutum ya zauna cikin ɗaki mai duhu, ido a madubin ƙara girma, yana ƙirga ƴan walƙiyar da ke fitowa duk sanda ƙwaya ta bugi allo. Kusan dukkan ƙwayoyin sun ratsa zinariyar sun wuce kamar ba komai a gabansu. Amma ɗaya cikin dubbai sai ta karkace sosai, wata ma ta dawo baya.

In da zarra curin laka ce mai laushi ko'ina, ba abin da zai mayar da irin wannan harsashi. Rutherford ya yi ta juya lissafin har 1911, sannan ya fito da bayani: kusan dukkan nauyin zarra, fiye da kashi 99.9 cikin 100, yana dunƙule a wata ƴar cibiya mai cajin ƙari a tsakiya, sauran kuwa fili ne. Ga yadda nake kwatanta wa yara girman filin. Ka ɗauki ƙwayar gero guda ka ajiye a tsakiyar gona mai faɗin hekta ɗaya. In ƙwayar geron ita ce cibiyar zarrar haidirojin, to elektiron ɗinta yana can wajen iyakar gonar. Tsakaninsu ba komai. Hauyar da ke hannunka, da hannun naka, da ƙasar da kake nomawa, duk haka suke. Ban taɓa faɗar wannan a aji ba tare da wani yaro ya bubbuga tebur ya dube ni da alamar ƙaryatawa ba, kuma yana da gaskiyar yin haka. Abin da ya hana hannunsa ratsa teburin shi ne elektiron na hannun da na katakon ba sa yarda su shiga wurin juna.

Shekarar 1913, wadda kakanninmu suke tunawa da yunwar Kakalaba, ita ce shekarar da aka fi samun ci gaba a wannan bincike. Niels Bohr na Danmak ya nuna cewa elektiron ba ko'ina suke zama ba, suna da hawa-hawa. Daga baya ne aka tantance cewa hawan farko na ɗaukar 2, na biyu 8, na uku har 18. Shi ne K, L, M da muke rubutawa a allo. A shekarar kuma wani matashi Bature, Henry Moseley, ya gano sirrin jadawalin Mendeleev: abin da ke bambanta sinadari da sinadari shi ne yawan cajin ƙari da ke cibiyarsa, yana ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya. Moseley bai ci moriyar aikinsa ba, an kashe shi a yaƙin duniya na farko a Gallipoli a 1915, yana da shekara 27. Bayan haka Rutherford ya harbi iskar naitirojin da ƙwayoyin alfa, ya ga cibiyar haidirojin tana fitowa daga ciki, a 1920 aka raɗa mata suna furoton.

Nan ne darasin ya sauko gida. Yawan furoton shi ne sunan sinadari. Mai 7 naitirojin ne, wanda manomi ke saye a buhun yuriya, wanda kuma itacen gawo da wake suke tara wa gonakin Agye kyauta. Mai 15 fosforas, mai 19 fotasiyom, su ne sauran haruffa biyu na buhun takin NPK. Mai 26 ƙarfe ne, wanda maƙeran Gobir suka yi ƙarnoni suna fitarwa daga tama tun kafin kowa ya ji kalmar furoton. Mai 79 zinariya. Mai 92 yuraniyom. Kuma a zarrar da ba ta yi ciniki da kowa ba, yawan elektiron daidai yake da yawan furoton, ƙari da ragi sun kashe juna.

Halin sinadari kuwa, wato da wa yake haɗuwa, da wa yake faɗa, elektiron na hawan ƙarshe ne ke yanke shi. Sodiyom yana da 11: biyu, takwas, sai guda ɗaya tilo a waje da yake neman inda zai sauke. Ƙarfe ne mai laushi da in ka jefa shi a ruwa zai iya kama wuta. Kulorin yana da 17: biyu, takwas, bakwai, saura guda ya cika. Iska ce mai guba da aka kashe sojoji da ita a 1915. In sun haɗu, wannan ya miƙa, wancan ya karɓa, sai ka sami gishirin da ayari ke ɗaukowa daga Bilma. Sodiyom ɗin nan dai shi ne a cikin kanwar da ake sa wa wake ya nuna da wuri. Da na faɗa wa matata wannan ta ce ashe ta daɗe tana kimiyya ba a biyanta.

Ya kamata in yi wa ƴan uwana malamai wata tunatarwa a nan. Zanen elektiron yana kewaya cibiya kamar jaki a masussuka, tun 1926 Erwin Schrödinger ya nuna ba haka abin yake ba. Ba a iya cewa ga hanyar da elektiron yake bi, sai dai a ce ga yankin da aka fi sa ran samunsa, kamar hazo mai kauri a wani wuri, siriri a wani. Ba laifi mu fara da zanen Bohr, domin yana taimaka wa yaro ƙirga. Laifin shi ne mu bar shi ya tafi yana zaton hoto ne aka ɗauka.

Saura matsala guda, kuma ita ce ta shafi tambayar Baba. Hiliyom furoton biyu gare shi, amma ya ninka haidirojin nauyi sau huɗu. Ina sauran nauyin ya fito? Kuma Frederick Soddy ya riga ya lura cewa akwai zarra masu suna guda, hali guda, amma nauyi daban, ya kira su izotof. A farkon 1932 Irène Curie da mijinta Frédéric Joliot suka yi wani gwaji a Paris, amsar tana gabansu amma suka fassara ta a matsayin wani irin haske. James Chadwick a Cambridge ya karanta rahotonsu, bai gamsu ba, ya maimaita gwajin cikin makonni kaɗan, ya nuna cewa wata ƙwaya ce mai nauyi kusan daidai da furoton amma ba ta da caji ko kaɗan. Nutiron ke nan. Da shi hoton ya cika: furoton da nutiron a cibiya, elektiron a waje.

Amfanin nutiron a cibiya kamar na dattawa ne a gandu. Furoton duk cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna, kamar ƴaƴa maza da kowa ke son ya ware ya ci gashin kansa. Akwai wani ƙarfi na kusa-kusa da ke riƙe su, nutiron kuma suna ƙara wannan riƙo ba tare da sun ƙara turin ba. Ƙaramin gida ba ya bukatar masu sulhu da yawa: kabon furoton 6, nutiron 6. Ƙarfe 26 da 30. Amma gidan da ya tara 92, ko da nutiron 146 a ciki, a kan siraɗi yake. Shi ya sa yuraniyom yake fitar da wani haske da ido ba ya gani, abin da Henri Becquerel ya ci karo da shi a Paris a 1896.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. In ka ƙirga zarra 1,000 na yuraniyom daga Arlit, ko daga Kanada, ko Kazakistan, kimanin 993 suna da nutiron 146, su ake kira yuraniyom 238. Bakwai kacal ke da nutiron 143, su ne 235. A ƙarshen 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann a Berlin suka harbi yuraniyom da nutiron suka ga bariyom ya bayyana, Lise Meitner da ɗan ƴar uwarta Otto Frisch suka bayyana cewa cibiyar ce ta tsage biyu. Mai tsagewa cikin sauƙi shi ne 235. In ya tsage yakan saki zafi mai yawa da nutiron biyu ko uku, su kuma su je su tsaga na kusa, abin ya yi ta bin juna kamar gobarar daji. Giram guda na 235 yana ba da zafin da ya kai na kusan tan uku na kwal. Shi kuwa 238 yawanci haɗiye nutiron ɗin yake yi ya yi shiru. Shekara bakwai ba su cika ba aka jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, kuma yawancin dutsen da Amurka ta yi aikin da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. A shekarar ne ruwan gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, a shekarar ne kuma Faransa ta kafa hukumarta ta makamashin nukiliya, CEA, wadda ta bazama neman yuraniyom a ƙasashen da take mulka.

An ga alamarsa a Azelik a 1957. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitarwa a Arlit a 1971. COMINAK ya biyo baya a Akouta, ya fara a 1978, aka rufe shi a ƙarshen Maris 2021. Diori Hamani yana cikin neman a ƙara wa Nijar farashi ne sojoji suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974, kuma har gobe ana gardama a kan ko abubuwan biyu suna da alaƙa. A 2003 an yi amfani da takardun jabu da ke cewa Nijar za ta sayar wa Iraƙi yuraniyom wajen neman hujjar yaƙi, hukumar nukiliya ta duniya ta ƙaryata su. A 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imouraren daga hannun Orano, a 2025 ta mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa. Mutanen Arlit kuwa an bar su da tsaunukan dusar dutse masu fitar da hasken nan, kuma rabin 238 ba ya ƙarewa sai bayan shekara biliyan huɗu da rabi.

Abin da manyan motoci suka yi shekaru suna ɗauka daga Arlit zuwa tashar ruwa ta Kwatano gari ne da aka tace daga dutse, amma bakwai ɗin nan suna nan cakuɗe cikin dubu. Yawancin tashoshin wutar nukiliya, har da na Faransa, suna bukatar a ɗaga 235 ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Bam yana bukatar wajen 90. To ta yaya za a tsince su? Ba ruwan magani ko asid da zai raba su, domin duka biyun elektiron 92 gare su, halinsu guda. Bambancinsu nauyin nutiron uku ne kawai, kashi ɗaya da ɗan ɗori cikin 100. Mace mai shiƙa tana raba tsaba da ƙaiƙayi ne saboda ɗaya ya fi ɗaya nauyi sosai, iska ta yi mata aikin. A ce mata ta raba gero da gero, wanda wannan ya ɗara wancan da abin da bai kai ƙura ba. Sai an mayar da yuraniyom iska, a zuba a dubban injuna masu juyawa da gudun da ya wuce misali, kowane ya ɗan tace ya miƙa wa na gaba. Ƙasashen da ke da irin wannan masana'anta ba su da yawa, kuma suna tsaron fasahar kamar ransu, tunda injin da ya kai kashi 5 shi ne zai kai 90 in an bar shi yana juyawa. Rigimar Iran da Amurka a kan wannan take. Ta Faransa tana Tricastin, a kudancin ƙasar.

Wannan na je na faɗa wa Baba, da tsinken kara ina zane a ƙasa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato mu ke noma, mu ke sussuka, amma shiƙar a gidan wani ake yi." Na ce haka ne, Baba, kuma ko an shiƙe, murhun da za a dafa shi ma ba mu da shi tukuna. Ya ce, "To me ya sa jikokina da ke lakwal ba su taɓa faɗa mini haka ba?"

Na san dalili, domin ni ma ta hanyar na biyo. A makarantar da na yi, wanda aka kama yana Hausa a aji rataya masa wani ƙashi ake yi a wuya, ya yini da shi ana yi masa dariya. Mun haddace cewa zarra ba ta da caji, mun ci jarrabawa, ba wanda ya taɓa ce mana dutsen Arlit na cikin jadawalin da ke manne a bango, a gida na 92. Ga shi kuwa mutumin da ya fi kowa yin magana a kan wannan ciwo ɗan maƙwabtanmu ne. Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa aka haife shi a 1929, ya zama babban masanin fizik, ya shugabanci ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, ONERSOL, da jami'ar Yamai wadda yau take ɗauke da sunansa. A littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya dage cewa a koyar da yara da harsunansu. Nijar ta fara gwada makarantun harshe biyu a Damagaram a 1973, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma takarda ba ta shiga aji ta koyar. Har yanzu ba mu daidaita a kan yadda za mu kira cibiyar zarra ko izotof ba, malamin Gidan Rumji na faɗin nasa, na Gazawa na faɗin nasa, na Katsina kuma da Turancin Ingilishi ya koya. Ni ban ga laifin aron furoton da nutiron ba, Faransawa ma aro suka yi daga Girkanci da Latin. Abin da nake so shi ne jimlar da ke kewaye da kalmar ta zama wadda yaro zai iya kai wa kakansa.

Da aka koma makaranta a Oktoba na sa kowane ɗalibi ya zo da abu uku daga gida: jan wake, farin wake, da gero. Muka fita tsakar makaranta. Jan wake furoton, fari nutiron, gero elektiron. Muka fara da haidirojin, muka yi kabon, muka yi sodiyom da kulorin har suka yi musayar ƙwayar gero guda. Daga ƙarshe na raba su gida biyu, na ce kowane ya gina yuraniyom, ɗaya 235, ɗaya 238. Sun daɗe suna ƙirga, an yi gardama, an sake ƙirgawa. Da suka gama na kira wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba, na ce ta nuna mini bambancin tsibin biyu. Ta duba, ta duba, ta ce, "Mushe, da ido ba a gani." Sannan ta tsuguna ta ɗebi farin wake uku daga tsibin 238 ta riƙe a tafin hannunta, ta tambaye ni ko ta mayar ko ta kai gida.